Juyin da ke ɓoye cikin miƙaƙƙiyar tafiya

Ka samu benci wajen mai shayi a bakin titin gidan Zoo a Kano, daidai inda titin ya miƙe sambal, ka zaɓi adaidaita sahu guda ɗaya ka kafa mata ido tun tana nesa. Direban bai karya kai ba, bai ƙara wuta ba, bai taɓa birki ba. To amma ka lura da wuyanka. Tana can nesa, da ƙyar kanka ke motsi. Tana matsowa sai wuyan ya fara bin ta, lokacin da za ta gifta gabanka kuwa sai ka ji ka waiga fit kamar an kira sunanka, daga nan juyin ya riƙa lafawa har ta ɓace cikin cunkoso. Ita dai ba ta kewaya komai ba, amma layin da ya haɗa idonka da ita ya share kusan rabin da'ira.

Wannan juyin ba ruɗin ido ba ne. Yana da suna a fiziks, yana da lissafi, kuma ana iya karɓe shi daga abin da ke tafiya a miƙe a ɗora wa wani abu ya kama juyawa da gaske. Malamai a aji suna ce masa angula momentom. A nan za mu ce masa momentom na kewaye. Yawancin ɗalibai, na sakandare da na shekarar farko a jami'a, a jikin fanka da taya da katantanwa suka san shi. Sai a haddace L = Iω, wato taurin juyi sau saurin juyi, a rufe littafi. Ranar da tambaya ta zo a kan dutsen da aka wurga a miƙe, sai a rubuta sifili, wai ai ba ya juyawa. A nan maki ke zubewa.

Sai an kafa turke

Momentom na yau da kullum, wanda za mu ce wa na miƙe, nauyi ne sau gudu (nauyi a nan yawan kilo ake nufi, ba ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ba). Na kewaye kuwa ba shi da ma'ana sai an fara kafa turke, wato ɗigo guda tsayayye da za a riƙa auna komai daga gare shi. Akuya ba ta kewaya iska. Duk wanda ya ce maka momentom na kewayen wani abu kaza ne, bai faɗi turkensa ba, rabin magana ya yi.

Idan turke ya kafu, sai ka ja layin da abin yake bi, ka tsawaita shi gaba da baya, ka auna tazara mafi gajarta daga turken zuwa layin, wadda ke faɗa wa layin a kusurwar digiri 90. Mu kira ta d. Lissafin duka ke nan: L = m × v × d, inda L yake momentom na kewaye, m nauyi, v kuma gudu.

A ce adaidaitar, har da direba da fasinja uku, ta kai kilo 600, tana gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a sakan, bencinka kuma mita 5 ne daga layin da take bi. L ya zama 600 sau 10 sau 5, wato 30,000 a ma'aunin kg·m²/s. Ka ga babu inda muka tambayi ko ta iso gabanka ko tana can wajen shataletale. Nauyinta bai sauya ba, gudunta bai sauya ba, layin bai gusa ba, don haka lambar na nan daram.

Littattafai sukan rubuta shi da L = mvr sin θ, inda r take tazarar turke zuwa abin kai tsaye, θ kuma kusurwar da ke tsakanin r da layin tafiyar. Abu ɗaya ne. Lokacin da ya rage mata mita 12 ta iso daidai gabanka, tsakaninka da ita mita 13 ne (alwatika mai 5, 12, 13), sin θ kuma 5 bisa 13, sai 13 ta cinye 13 a bar 5. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki r a manta da kusurwar, a samu 78,000. Idan kana so ka ga inda wuyanka ya shigo: a mita 13 ɗin nan kanka na juyawa da kusan digiri 17 a sakan, a gabanka kuwa digiri 115 a sakan, radiyan 0.296 da radiyan 2 ke nan (radiyan ɗaya kusan digiri 57 ne). Ninka kowanne da nauyi da r², 600 × 169 × 0.296 da kuma 600 × 25 × 2, duka 30,000 za su ba ka. Saurin juyi ya ƙaru kusan ninki bakwai, r² ta ragu da ninkin daidai wa daida.

Me ya sa aka ɗauki adaidaita sukutum kamar ɗigo guda? Saboda a tafiyar da babu juyi a cikinta kowane sashe na jiki gudunsa ɗaya, alƙiblarsa ɗaya: fitila, kujera, rumfa, hular direba. Idan ka tara rabon kowane sashe, abin da zai fito daidai yake da a ce nauyin duka ya taru a cibiyar nauyi. Saboda haka d ana auna ta ne zuwa layin da cibiyar nauyin ke bi, ba zuwa gefen da ya fi kusa da kai ba.

Sannan akwai alama. Al'adar masu lissafi ita ce, idan aka leƙo daga sama, kewayen da ya saɓa wa hannun agogo a ba shi alamar tarawa. Hanya mafi sauƙi ta tuna wannan ita ce ɗawafi: abin da ake kewayawa yana hagu. To ka ɗauka kai ne a cikin abin da ke tafiyar. In turken na hagunka, tarawa ce, in yana damanka, ɗebewa. Tunda a dama muke tuƙi, mai shayi yana daman direba, lambarsa −30,000 ce. Ɗan jaridar da ke tsaye a tsakiyar titi, mita 3 ta hagun direba, tasa +18,000. Wanda ya tsaya a kan layin kansa, Allah ya kiyaye, tasa sifili ce, shi ba waiwaye zai yi ba, tsalle zai yi.

Mai kaifin kai zai ce, lambar da ke sauyawa da wurin zaman mai kallo, ina amfaninta? Ai gudu ma haka yake. Fasinja yana ganin direba a zaune cak, kai kana ganinsa yana mita 10 a sakan, ba wanda ya ce gudu ƙarya ne. Amfanin yana cikin dokar da ke riƙe da lambar: muddin turken bai motsa ba, L ba ya ƙaruwa ba ya raguwa sai da ƙarfin murɗi. Ƙarfin murɗi kuwa kowa ya san shi a wajen mai faci, lokacin da noti ya ƙi kwancewa ya zura bututun ƙarfe a sifana ya ƙara mata tsawo: ƙarfi ne sau tazara mafi gajarta daga turke zuwa layin ƙarfin. Yawan ƙarfin murɗi shi ne yawan abin da L ke sauyawa da shi a kowace sakan.

Ga gwaji na ƙwaƙwalwa mai sauri. Bulo mai kilo 20 ya kuɓuce daga saman gini, turkenka yana mita 3 daga layin faɗuwarsa. Ƙarfin jan ƙasa a kansa 20 × 9.8 ne, wato 196, ƙarfin murɗi 196 × 3 = 588. Bayan sakan ɗaya gudunsa 9.8, L = 20 × 9.8 × 3 = 588. Bayan sakan biyu, 1,176. A miƙe yake faɗowa, bai wulwula ba, amma dokar ta cika cif.

Inda tafiya ke komawa juyi

Ka duba lilon nan mai juyawa na wuraren wasan yara, wanda ake yi wa layi da Sallah. A ce farantinsa kilo 120 ne, daga tsakiya zuwa baki mita 1.5. Taurin juyinsa, wato I, ma'aunin wahalar juya shi, rabin nauyi ne sau 1.5², ya ba da 135. Yana tsaye. Yaro mai kilo 30 ya sheƙo a guje da mita 4 a sakan, a miƙe, ta layin da ke shafar bakin farantin, ya ɗare. Turke a nan ba sai an yi shawara ba, sandar tsakiyar lilon ce. Yaron ya zo da 30 × 4 × 1.5 = 180. Bayan ya hau, taurin juyi ya zama 135 da nasa 30 × 2.25, jimla 202.5. Raba 180 da 202.5, ka samu radiyan 0.89 a sakan, kewaye ɗaya cikin kimanin sakan 7. Da yaron ya nufi wani layi mai tazarar santimita 75 daga tsakiya ya dira a bakin, rabin wannan zai samu. Da ya nufi tsakiyar kai tsaye, ko da gudun barewa ya zo, lilon ba zai ce uffan ba. Yara sun san wannan tun ba su san baƙi ba, shi ya sa ta gefe suke zuwa.

Abubuwa biyu ne ba su tsira ba a wannan karon. Makamashin motsi ya faɗo daga jul 240 zuwa jul 80. Kashi biyu cikin uku ya tafi a ƙara da ɗumi da girgizar gwiwa. Momentom na miƙe ma ya faɗo daga 120 zuwa 40, sauran ya bi ta sandar tsakiya ya shige ƙasa. Na kewaye kaɗai ya haye lafiya, saboda duk ƙarfin da sandar ta yi, a kan turken ta yi shi, tazararsa sifili, murɗinsa sifili. Wannan ita ce dabarar zaɓen turke gaba ɗayanta: ka kafa shi a inda ƙarfin da ba ka sani ba yake aiki, sai ƙarfin ya fice daga lissafi da kansa.

Gwajin katako da yumɓu

Wannan gwajin ko a soron gida ana iya yin sa, kuma ya fi zane goma a allo. A samo siririn katako miƙaƙƙe mai tsawon mita 1, mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, nauyinsa wajen giram 300. Ragowar yanka a wajen kafinta ko a 'Yan Katako ta Na'ibawa ta wadatar. A auna shi a sikeli, kada a yi kirdado. A huda rami na milimita 6 kusa da ƙarshensa, kamar santimita 1 daga baki, a rataye shi a ƙusa mai inci uku da aka kafa a gefen tebur mai tsayi ko a wani katakon da aka gicciya, yadda zai yi reto ba ya gugar komai. A bayansa a manna kwali, a zana kusurwoyi daga ƙusar da ma'aunin kusurwa na akwatin lissafi, digiri biyar biyar har 40, a manna rula a kwance ƙasa da su. Sai dunƙulen yumɓu mai laushi na giram 50, bai kai ƙwan zabo girma ba. In babu yumɓu, kwaɓin fulawa mai danƙo ma yana yi.

A yi alama a katakon santimita 90 ƙasa da ƙusar. A jefa yumɓun a kwance daga kusa, kamar rabin mita, ya manne a alamar. Waya na gefe tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya. Idan tana ɗaukar hoto 240 a sakan, kuma yumɓun ya ci santimita 30 cikin hoto 18, gudunsa mita 4 ne a sakan. Wayar ta kasance aƙalla mita 2 daga katakon, tana fuskantarsa sosai, a cikin hasken rana. In ta matso kusa, rular da yumɓun ba za su yi daidai a hoto ba, gudun zai fito fiye da gaskiyarsa.

Lissafin hawa biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne babban tarko. Hawa na farko karon ne kansa. Yumɓun ya zo da 0.05 × 4 × 0.9 = 0.18. Taurin juyin sanda da aka rataye ta ƙarshe sulusin nauyi ne sau tsawo², wato 0.1, ƙara na yumɓun, 0.05 × 0.81, ya zama 0.1405. Saurin juyi nan take bayan karo: 0.18 a raba da 0.1405, radiyan 1.28 a sakan. Hawa na biyu reton ne, kuma a nan ne kawai makamashi ke da ta cewa. Makamashin da ya rage rabin 0.1405 × 1.28² ne, jul 0.115. Katako da yumɓu tare kilo 0.35 ne, cibiyar nauyinsu santimita 55.7 ƙasa da ƙusa, wannan makamashin zai ɗaga ta santimita 3.4, wanda ya yi daidai da kusurwar digiri 20. Sauke alamar zuwa santimita 45 da gudu iri ɗaya, za ka ga digiri 12.

Ɗalibin da ya tsallake hawa na farko, ya ɗauki jul 0.4 da yumɓun ya zo da shi ya ce duka ya koma ɗagawa, digiri 38 zai samu. Katakon ba zai taɓa kai wa nan ba, don fiye da kashi 70 cikin 100 na makamashin ya ƙare wajen lotsa yumɓun.

Abubuwan da ke ɓata gwajin sanannu ne. In kusurwar ta fito ƙasa da lissafi, fara duba ramin: ko ya matse ƙusar, ko katakon na gugar kwalin. In ta fito sama da lissafi, yawanci yumɓun ne bai manne ba. Idan ya bugi katakon ya zube ƙasa nan take, ya sauke wa katakon 0.18 ɗin duka bai bi shi da nauyinsa ba, sai a ga digiri 27. In ya yi tsalle baya, abin ya fi haka. Da hunturu wannan ya fi faruwa, don iskar Kano ta lokacin tana busar da fatar yumɓu kafin a gama saita waya, sai a ajiye shi cikin leda a riƙa shafa masa ruwa. In ya bugi gefen katakon maimakon tsakiyar faɗinsa, katakon zai murɗe yana kaɗawa, a soke wannan jifar. A kashe fanka. Kuma bayan kowace jifa a auna inda yumɓun ya manne da gaske, a yi lissafi da wannan, ba da alamar da aka yi niyya ba. Kuskuren santimita 5 a nan yana shiga d da I a lokaci guda. Ɗan sunkuyowar da yumɓun ke yi a iska ba abin damuwa ba ne: gudunsa na ƙasa yana kan layin da ya ratsa ƙusar, rabonsa sifili ne. Gudun kwance kaɗai za a auna.

Yanzu ga wurin da abin ya fi daɗi. Yumɓun ya zo da momentom na miƙe 0.20. Bayan karo a santimita 90, na katako da yumɓu tare 0.25 ne. Ya ƙaru! A santimita 45 kuwa ya ragu zuwa 0.14. Ƙusar ce ke wannan aikin: a bugun ƙasa, kan katakon yana son ya fizgo baya wajen mai jifa, ƙusar ta tura shi gaba, a bugun sama, kan yana son ya bi jifar, ƙusar ta tare shi. Ke nan a tsakani akwai wurin da ƙusar ba ta jin komai, kuma a sanda mai kauri ɗaya wurin yana kashi biyu cikin uku na tsawonta, santimita 67. Cire katakon daga ƙusa ka riƙe kansa sako-sako da yatsu biyu, wani ya riƙa ƙwanƙwasa shi da cokali daga ƙasa yana hawa. Za ka ji yana fizgar yatsunka gefe guda, a wajen santimita 67 ya yi shiru, sama da nan ya koma fizgar ɗaya gefen. Mai faskare ya san wannan a tafin hannunsa: nauyin gatari a kai yake, don haka wurin shirun yana kusa da ruwan gatarin, ranar da ya zarce ya bugi icen da ƙota, zafin har kafaɗa.

A teburin snuka ma lissafin ne, an dai mayar da turken cibiyar ƙwallo. Faɗin ƙwallon milimita 52.5 ne. Idan sanda ta buge ta a kwance milimita 10.5 sama da tsakiyarta, wato biyu bisa biyar na rabin faɗin, za ta fara gangarawa tsaf tun daga farko ba zamiya. Ƙasa da tsakiya kuwa tana tafiya gaba tana juyin baya, shi ya sa take dawowa bayan ta bugi 'yar'uwarta.

Kayan ɗaki a bayan a-kori-kura

Ranar jere, ana ɗora kabad a tsaye a bayan a-kori-kura. Direba ya ci birki motar ta tsaya, kabad ɗin ya ci gaba da zamewa a kan ƙarfen, ƙafarsa ta ci karo da wani tudu ko katakon da aka gicciya. Bai taɓa juyawa ba, zamewa kawai yake. Amma ka kafa turke a wannan tudun: cibiyar nauyinsa tana sama da shi da rabin tsayinsa, don haka yana ɗauke da m × v × rabin tsayi. Ƙafa ta tsaya, wannan lambar ba ta da wurin zuwa sai juyi. Tuntuɓe ke nan, kuma ba banza ba aka ce masa gushin gaba: ƙafa ce ke tsayawa, kai da ƙirji su wuce.

A ce tsayinsa mita 1.8, faɗinsa 1.2, kaurinsa 0.6, nauyinsa a baje daidai. Taurin juyin irin wannan akwati a kan gefensa na ƙasa sulusin nauyi ne sau jimlar tsayi² da gindi², inda gindi yake tsawon ɓangaren da ke bin alƙiblar tafiya. Zai kife idan makamashin da ya rage bayan karo ya isa ya ɗaga cibiyar nauyi har ta hau daidai saman turken. In kaurin 0.6 ne ke bin tafiyar, ɗagawar da ake bukata ba ta kai santimita 5 ba, kuma gudun mita 1.2 a sakan ya isa, tafiyar mutum a ƙafa ke nan. Juya shi faɗin 1.2 ya bi tafiyar, sai gudun ya kai mita 2.6. Kwantar da shi, tsayi ya koma 0.6 gindi 1.8, sai ya kai mita 13 a sakan, wajen kilomita 47 a awa. Nauyin ya fice daga lissafin gaba ɗaya, don haka maganar "ai yana da nauyi ba zai faɗi ba" ba ta da tushe. Siffa da ajiya ne ke magana. Abin da ba a son a kwantar, irin firji, a jingina shi da kan motar don kada ya samu filin zamewa tun farko, igiya kuma a ɗaura ta sama: a tsayin mita 1.5 tana yin murɗi ninki biyar na wadda aka ɗaura a santimita 30, da ɗauri iri ɗaya.

Idan abu yana tafiya kuma yana juyawa, kashi biyu ake tarawa: na tafiyar cibiyar nauyi, mvd, da na juyinsa a kan cibiyar, Iω. Tayar keke mai kilo 2, mu ɗauka nauyinta duka a baki yake, mita 0.33 daga tsakiya, tana mita 5 a sakan: daga turke a kan kwalta, na tafiya 3.3 ne, na juyi ma 3.3, jimla 6.6. Ɗalibai kan kawo ɗaya su bar ɗaya. Feda kuwa akasin abin da ido ke zato ce. Tana zagaya da'ira, amma fuskarta kullum tana kallon sama a ƙarƙashin takalmi, wato ba ta juyawa a kan kanta. Nata rabon duka na tafiya ne. Bin da'ira daban, juyawa daban. Gargaɗi ɗaya: kada a kafa turke a jikin abin da ke ƙara gudu ko rage shi, kamar motar da ke cikin cin birki, sai dai in cibiyar nauyin abin da ake lissafawa ce. In ba haka ba dokar za ta fito da ƙarin sharuɗɗan da ba a shirya musu ba.

Mu koma bencin mai shayi. A kowace sakan adaidaitar na cin mita 10. Haɗa farkon wannan tazarar da ƙarshenta zuwa inda kake zaune, ka samu alwatika mai gindi 10 da tsayi 5, filinta murabba'in mita 25. Ta nesa doguwa ce siririya kamar tsinke, ta kusa gajera ce mai faɗi, amma filin ɗaya ne, kuma shi ne L a raba da ninki biyu na nauyi: 30,000 bisa 1,200. Da wannan zanen Aizik Niyuton ya buɗe hujjarsa ta farko a kan kewayen duniyoyi cikin littafinsa na 1687. Ya fara da abu mai tafiya a miƙe yana share alwatika masu fili ɗaya, sannan ya riƙa ba shi ɗan bugu yana tura shi wajen turke, ya nuna cewa bugun da ya nufi turke yana karya layin amma ba ya taɓa filin. Matso da bugun kusa da juna har su zama ja mara yankewa, sai ga dokar da Yohanes Kefla ya wallafa a 1609 bayan ya sha fama da alƙaluman duniyar Mas: layin da ya haɗa rana da duniya yana share fili daidai a lokuta masu tsawo daidai.

Ana iya gwada ta da tamu duniyar. A farkon Janairu muke fi kusa da rana, kilomita miliyan 147.1, muna gudun kilomita 30.29 a sakan. A farkon Yuli muke fi nisa, miliyan 152.1, gudun 29.29. A waɗannan wurare biyu tafiyar tana kan digiri 90 da layin rana, don haka d ita ce r. Ninka: 4,456 da 4,455. Eh, a tsakiyar sanyin da ke sa Kanawa kwana da rigar sanyi da safa muke fi kusa da rana. Sanyin daga karkatar duniya ta digiri 23.4 yake da iskar da ke busowa daga Sahara, ba daga nisa ba. Bambancin gudun kuwa yana nan a kalandar da ke rataye a shago. Ƙirga daga 21 ga Maris zuwa 23 ga Satumba, rabin da damina ke ciki, kwana 186 ne. Daga 23 ga Satumba ka zagayo zuwa 21 ga Maris, rabin da hunturu ke ciki, kwana 179.